Hilux Ɗinmu da Lakar Lungunmu

A unguwarmu arziki yana da matakala, kuma kowa ya san ta ko da ba a rubuta a allo ba. Ana farawa da babur, a hau Golf ko Corolla 'yar Kwatano, a ɗora bene ko a ƙara aure, gwargwadon inda zuciya ta fi karkata. In buɗi ya ci gaba, sai wata safiya a wayi gari da Hilux a ƙofar gida, fara sol, domin a wurinmu Hilux in ba fara ba ce ba ta cika ba. Daga ranar mai ita ya zama Alhaji ko bai taɓa yankar fasfo ba. Masu gadin ma'aikatu su wangale masa ƙofa ba tambaya, don ba su sani ba ko ayarin wani babba ne ya yi gaba ya bar shi a baya.

Abin da muke yi wa motar a makon farko shi ne abin dariyar. Ba wanda ke leƙa ƙarƙashinta. Ƙofar Ruwa ake nufa, ko a yi saƙo Fanteka ta Kaduna, a ɗaura mata ƙarfen gaba mai ƙyalli, a jera fitilu a kan rufi, a baƙanta gilashi, a manna 4x4 da manyan baƙaƙe a gefen bodi ko da kamfani ya riga ya manna nasa. Wani har doguwar eriya yake kafawa, wadda babu rediyon da ta haɗu da shi. Daga nan sai zirga-zirgar yau da kullum: gida, kasuwa, masallacin Juma'a, ɗaurin aure, gida.

Wurin da ake baje wannan zance shi ne bencin mai shayi, bayan isha'i. Akwai Baba Direba, wanda ya yi shekaru yana jan motar masu haƙa rijiyar burtsatse, ya taka ƙauyukan Yobe da Barno tun Land Rover na tashe. Akwai bakaniken unguwa, da kowa ke kira Oga. Akwai wani maƙwabcinmu mutumin Agadas, ba ya tanka kowa sai an taɓo rairayi. Akwai samari masu waya a hannu, da suka haddace duk abin da Turawan Ostireliya ke ɗaura wa motocinsu. Sannan ga Alhazan da kansu, su ke biyan kuɗin shayi, don haka ba a ƙure su sai da dabara.

Baba Direba ne ya fara tona mana asiri. Ya dubi ɗaya daga cikinsu ya ce, “Alhaji, don Allah 'yar guntuwar giyar nan da ke kusa da babbar, yaushe rabonka da ita?”

Alhaji ya ce, “Kullum ina taɓa ta, Baba. Ai a kanta nake rataye carbi.”

To wannan guntuwar ita ce taimako, ita ce kuma dalilin tsadar motar. Tana 2H, tayoyin baya kaɗai ke tura mota, nan ne mazauninta a kwalta. An ja ta 4H, huɗun duka sun karɓi aiki, wannan na burji mai santsi ne da rairayi marar zurfi. 4L kuwa rage gudu take yi ta ninka ƙarfi wajen sau biyu da rabi, mota ta riƙa rarrafe, ta haye tudu ko ta fice daga taɓo ba tare da an ƙona kuloci ba. Sai dai ba a shigarta a guje, sai an tsaya cak. Masu Vigo, ƙirar da ta fito a 2004, sanda ce gare su. Masu Revo ta 2015 ɗan maɓalli suke murɗawa. A tsofaffin kuma sai direba ya sauko ya murɗa cibiyar tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, in ba haka ba ko ya sa taimako farfela ce kawai za ta yi ta juyawa a banza, tayoyin gaba na hutawa.

Mu kuwa mun rabu gida uku. Akwai masu rataye carbi, waɗanda shekara ke zagayowa ba su sa taimako ba, ranar da ake nemansa ya cije ya ƙi shiga, alhali da sau ɗaya a wata ana ɗan motsa shi a kan ƙasa da ba a kai ga haka ba. Akwai waɗanda suka ji an ce taimako ƙarfi ne, sai suka bar mota a 4H suna yawo da ita a kwalta. Waɗannan su ne abincin Oga. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisan zagaye, taimakon Hilux kuwa ɗaure gaba da baya yake yi wuri ɗaya. A kan ƙasa taya na ɗan zamewa, rigimar ta mutu. A busasshiyar kwalta ba zamewa, sai ƙarfe ya murɗe ƙarfe, sitiyari ya yi tauri, taya ta cinye, wata rana ƙaramin giyabos ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru. Gida na uku su ne masu tattali. Oga ya ce a bayan garejinsa akwai farfelolin gaba jibge, na mutanen da suka ce a cire musu don mota ta rage shan mai. Ya gaya musu ba abin da zai ragu sai taimakon, suka ce shi dai ya cire. Har yanzu 4x4 ɗin na nan manne a gefen bodinsu.

Ba na ma son in faɗi na wanda ya sayi tasa a hannun dillali da daddare, sai da damina ta kama shi a hanyar gona aka leƙa aka ga tun daga kamfani ba ta da taimakon. Toyota na yin Hilux mai jan baya kaɗai, wata ma doguwa ce tsaf irin mai taimako. Takardar mannawa kuwa ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba.

Samari kuma ba abin da ke ransu sai ɗaga mota. Ɗaya ya miƙa wa Oga waya ya ce, “Oga, dubi wannan. In aka ɗaga ta Alhaji inci huɗu, ai ba ramin da zai tare ta.”

Oga bai ko karɓi wayar ba. Ya ce, “Ƙanena, je ka durƙusa a bayanta ka leƙa. Me ya fi kusa da ƙasa?”

Abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil ɗin baya. Shi ke fara dukan dutse, shi ke zama daram a kan kunyar da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanya. Ka ɗaga bodi iya son ranka, ka sa sifirin mai tsawo, ƙullutun nan ba zai matsa ko faɗin yatsa ba, domin shi da tayoyi yake tafiya. Baba Direba ya ce mai ɗaga bodi mutum ne da ya tattare riga har wuya zai tsallake kududdufi, alhali ƙafarsa ce za ta shiga ruwan. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabi: in tsayin taya ya ƙaru da inci biyu, inci ɗaya ka samu a ƙasa.

Ba wai ɗagawar ba ta da amfani ba ne. Tana hana hanci da wutsiya da ciki gogar gangare, tana buɗa wa babbar taya wuri. Inci biyu da sifirin na kirki da shokazoba da ya dace da shi, ba mai faɗa da kai. Amma mu ba haka muke yi ba. Wurin mai walda ake zuwa ya yanko guntayen ƙarfe a cusa, shokazoban nan na asali a bar shi a miƙe iya miƙewarsa. Hilux ɗin zamanin nan kuwa kowace tayar gaba da nata shaf, in an ɗaga fiye da kima sai shaf ɗin ya karkace, robarsa ta yage, ƙasa ta shiga, a fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kowace kwana. Sannan ga abin da ba ma son ji: motar da aka ɗaga, aka ɗora wa ƙarafa a rufi, ta fi saurin kifewa. Mu kuma ba mu san tafiyar da ta gaza 120 ba in mun ga kwalta ta miƙe.

Tayoyin ma da idonmu muke zaɓa. Masu manyan haƙoran nan na taɓo su ke burge mu, ga su a kwalta suna gurnani tun daga bakin layi, matan gida sun san Alhaji ya dawo kafin ya yi oda. A jiƙaƙƙiyar kwalta birkinsu bai kai na taya ta gari ba, ga saurin cinyewa, ga shan mai. Injin fetur ɗin nan mai lita 2.7 da yawancinmu ke da shi dama can ba mai azumi ba ne, tun kuma da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane ƙarin nauyi a aljihu ake jin sa. Maleji ma sai ya koma yi maka ƙarya, ya nuna ƙasa da gudun da kake yi, don shi da ƙaramar taya aka auna shi. Wanda ke raba tafiyarsa tsakanin kwalta da gona, taya mai matsakaicin haƙori ta ishe shi, huɗu iri ɗaya girma ɗaya, da safaya irinsu. A ganina duk cikin kayan da ake saya wa motar nan babu wanda ya kai wannan amfani. Sai dai a nan ne muke tsuke bakin aljihu, mu sayo 'yan Baljiyam, kowace da ƙasar da ta fito. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Mutum zai kashe kuɗin buhunan shinkafa a kan fitilu, ya ɗora rayuwarsa a kan tayar da ta girmi ɗansa na firamare.

Amma in ana batun gyaran da ya zama namu na gado, wanda ba mu koya a bidiyon kowa ba, to ƙarin sifirin ne. Wannan tun zamanin akori-kura muke yin sa, tun Peugeot 404 da 504 da masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta cika ƙasar nan da su. Kamfani ya ce Hilux ta ɗauki wajen tan ɗaya, har da direba da fasinja. In buhu kilo 100 ne, goma ke nan, ko ma ƙasa. Ɗan kasuwar hatsin cikinmu, mai sayowa a ƙauye ya kai Dawanau, da ya ji haka sai ya aje kofi ya ce, “Goma? Oga, ai wannan zuwa cefane ne.” Shi ashirin yake ɗorawa, yaran mota biyu a sama, da akuya in ta samu da araha.

Da bayan mota ya durƙusa sai a kai ta a ƙara ganyen sifirin biyu ko uku. Ta miƙe, ido ya gamsu. Nauyin kuwa bai je ko'ina ba, yana nan a kan boris, da aksil, da birki, da shasi, wanda wata rana zai tsage a tsakanin kai da bodi. A mai ƙofa huɗu abin ya fi muni, don bodinta gajere ne, rabin kayan a bayan tayoyin baya yake zama, sai gaba ya yi sakayau, sitiyari ya riƙa yawo, tayoyin da ake so su yi taimako su kasa kama ƙasa. In an sauke kaya kuma sai ta zama ba ta lanƙwasa, kowane ɗan rami ta yi tsalle da mutum har kansa ya taɓa rufi. Uwargidan ɗan kasuwar nan ta ce ta yafe, a bar ta da Keke Napep. A hanya mai tudu da kwari ma sifirin mai tauri cuta ne, don taya ɗaya na rataya a sama maimakon ta bi ƙasa.

Mutumin Agadas duk wannan yana jin mu. Sai da aka zo kan iska ya gyara rawani.

Mu dai mun san yadda muke yi. A tsaya wurin mai faci a ce, “Sa mata hamsin.” Wani ya ce sittin. A doki tayar da ƙafa, in ta yi ƙam an gamsu. Ga takarda nan a jikin ƙofar direba kamfani ya rubuta awon da ya dace, bai wuce talatin da 'yan kai ba, ba mai karantawa. Da wannan tayar mai taurin dutse muke faɗa wa yashin rafi, ta haƙa wa kanta rami nan take.

Mutumin Agadas ya ce su a can, da an bar ƙasa mai tauri za a shiga rairayi, kowa sauka yake yi ya sace iska, a dawo da ita ƙasa da ashirin. Tayar sai ta baje, tafinta ya yi tsawo, ta riƙa bin saman rairayi maimakon ta nutse. Sharaɗin kawai ba gudu ba kwana mai kaifi, kar taya ta zame daga kan ƙarfenta, kuma da an koma hanya mai tauri a mayar da iskar, shi ya sa ba mai fita ba famfo. Motocin da ke tashi daga Agadas su ratsa Tenere zuwa Dirku, Hilux ne dai irin namu, cike da mutane da jarkoki, amma ba ka ganin ƙarfe mai ƙyalli ko fitila shida. Abin da ke ɗaure a jikinsu shebur ne, da falankan ƙarfe na shimfiɗa wa taya, da safaya biyu, da ruwa, da mai. Mai hali kuma Land Cruiser 79 yake nema, 'yar gidan ƙirar nan ta 70 da aka fara a 1984, mai injin gas 1HZ lita 4.2, silinda shida, wanda bakaniken ƙauye zai kwance ya ɗaure ba tare da kwamfuta ba.

Baba Direba ya karɓe da tarihi, shi dama ba ya bari a wuce Chadi. A 1987 sojojin Hisen Habre, ƙarƙashin Hassan Jamus, da irin waɗannan Toyotocin suka fatattaki tankokin Gaddafi a Fada a watan Janairu, suka ƙwace Wadi Dum a Maris, har duniya ta sa wa yaƙin sunan motar. Abin da ya ba su nasara, in ji Baba, rashin nauyi ne da sanin ƙasa. Daga nan hirar ta ɗan yi sanyi, don kowa ya san ba sojoji kaɗai suka gane amfanin motar ba. Akwai ƙauyukan da in aka hango ƙurar Hilux yanzu ba murna ake yi ba, akwai kuma Alhazan da ba ƙyuya ce ta hana su zuwa gonakinsu na nesa ba. Mai shayi ya ƙara wa kowa ruwan zafi aka canza zance.

Ƙasar nan ba ta rasa wuraren gwada mota ba. Ga tuddan rairayin Yusufari da Tulo-Tulo, ga fadamun Haɗeja da Nguru, ga hawan Mambila zuwa Gembu, ga baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da Gamborun Ngala da Baba ke cewa in ta jiƙe ko jaki sai ya yi shawara. A irin wannan laka ne mutum ke gane cewa tayoyi huɗu ba huɗu ba ne. Ƙullutun aksil an yi shi ne don ya bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, sai dai halinsa shi ne tura juyi wurin tayar da ta fi samun sauƙi. Shi ya sa za ka ga mota ta kafe, taya ɗaya a gaba ɗaya a baya na ta feshin laka, sauran biyun da ke kan ƙasa mai kyau sun yi tsit. Maganin shi ne makullin aksil, wanda ke tilasta wa tayoyin baya juyawa tare. Wasu sababbin na zuwa da shi, ɗan maɓalli ne a gefen sitiyari, kuma na san Alhajin da ya ɗauka na wanke gilashi ne. Ana iya sa wa wadda ba ta da shi, da tsada, kuma ba ya ƙyalli, don haka ba mai tambayarsa. Masu gajen haƙuri kuma walda suke sa a yi wa haƙoran ciki a haɗe su har abada, mota ta riƙa kukan taya a kowane shataletale.

Bututun shaƙar iskar nan da ke hawa ta gefen gilashi shi ne sabon yayi. Amfaninsa na gaskiya biyu ne, ya ɗauko wa inji iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta ƙasa ba, ya kuma hana shi shaƙar ruwa. Wannan in an haɗa shi da matatar iska an toshe ko'ina ke nan. Oga ya rantse ya taɓa buɗe wata ya tarar bututun a jikin bodi kawai aka ɗaure shi da noti, bai haɗu da komai ba. Mai motar kuwa da shi yake taƙama yana faɗa wa rafi. Inji in ya shaƙi ruwa ba tari yake yi ba, fistin ya taho ya tarar da abin da ba ya matsuwa, ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe, sai sabon inji. Revo kanta santimita 70 kamfani ya yarda ta shiga, ya ɗan ɗara gwiwa, a ruwa mai kwanciya. Mai gudu kuwa ko bai kai haka ba yana iya ɗauke mota ta gefe. Tsofaffin direbobi yaron mota suke turawa da sanda ya fara takawa. Akwai kuma 'yan ƙofofin numfashi a jikin aksil, in ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwa ta nan, man ciki ya koma fari. Ɗan tiyon roba ake sawa a ja numfashin sama, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ban taɓa jin wani a benci ya yi alfahari da shi ba.

Yadda muke kafewa kuwa iri ɗaya ne, sai ka ce a makaranta ɗaya aka koya mana. Da mota ta fara nauyi sai a danna totur. Ta ƙara nutsewa, a ƙara dannawa. Sai cikinta ya zauna a ƙasa sannan a tuna da taimako, wanda tun kafin a shiga ya kamata a sa. A fito da farar shadda ana zagaya ta, kowa na ba da umarni, ba mai shebur. Jak ɗin yana gida, an ara wa maƙwabci. Kafin a jima samarin ƙauye sun iso, su dama sun san wurin, wasu ma na cewa damina ba ta yi musu albarka sai ramin nan ya cika. A yi ciniki, su yanko kirare, su tura, laka ta wanke su, a biya. In abin ya faskara a nemo tarakta.

A nan ne raha ke ƙarewa na ɗan lokaci, don wurin ja ne ake rasa rai. Ƙarfen gaban nan mai ƙyalli da ƙananan notina aka ɗaure shi, in aka sa masa igiya shi kaɗai zai taho ya bar motar. Dunƙulen ƙarfen jan tirela na baya ya fi haɗari, in ya tsinke da fizga tahowa yake yi ya fasa gilashi ya sami na ciki. A jikin shasi ake ɗaurewa, a wurin da aka yi don haka, 'yan kallo kuma su ja baya fiye da tsawon igiyar. Mu kuwa a nan ne yara ke taruwa su ga yadda za ta kaya.

Wani Alhajin ya ce shi ya huta da duk wannan, winci ya saya, mota za ta ja kanta da kanta. Mutumin Agadas ya tambaye shi a jikin me zai ɗaura. Ya ce a jikin itace mana. Sai ya ce masa, “Alhaji, mu itace ɗaya muke da ita a tsakiyar Tenere, ita ma wani direba ya buge ta a 1973, yanzu tana gidan tarihi a Yamai.” Inda ba itace, rami ake haƙawa a binne safaya a ɗaura a jikinta, wato dai an koma kan shebur ɗin. Ga shi winci batir yake sha ba kaɗan ba, batir ɗin Alhaji kuwa ko da safe sai an tura.

Duk wannan fa, wurin da motocin unguwarmu suka fi gwada ƙarfinsu bai wuce lungunmu ba. Daga Yuli zuwa Satumba, tun daga bakin masallaci har wurin mai niƙa, ruwa ne ke kwance, kwalbatin ya toshe da leda tun shekarun baya. Masu Hilux su ratsa a hankali gilashi a rufe, igiyar ruwansu ta shiga zauren mutane. Keke Napep ta kafe, 'yan makaranta su cire takalma. Ba za a ce Alhazan ba su da amfani ba, Allah ya sani: su ke kwasar kayan ɗakin amarya, su ke ɗauko ragunan layya, motarsu ce ke kai gawa maƙabarta in ta masallaci ta lalace, ba su taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Amma da aka kafa kwamitin gyaran lungu aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar, sai ga mai niƙa ya biya, malamin makarantar allo ya biya, mai shayi ya biya, masu Hilux kuwa kowa ya ce a ɗan ba shi lokaci, hidima ta yi yawa. Ɗaya a makon ya ɗaga tasa inci uku.

Da ma'aji ya matsa, babbansu ya yi alkawarin tifar burji guda daga aljihunsa, aka yi masa addu'a har da shafawa. Tifar ta zo kuwa ranar Asabar da sassafe. Direban ya leƙa lungun ya ce shi ba zai shiga ya kafe ba, ya juye ta a bakin layi, daidai ƙofar garejin Alhajin, aka baje ta a nan.